Abuja ga Baƙo: Zaɓi Rana Kafin Ka Ɗaura Kaya

Yawancin mutanenmu larura ce ke kai su Abuja: takardar fansho da ta maƙale a wani ofis, neman biza, ganin likita, jarrabawar ɗaukar aiki. Da sun gama sai tasha. Ka tambaye su abin da suka gani, amsar ba ta wuce faɗin tituna da tsadar ɗakin kwana ba. Wannan jagora ta wanda ya yi niyyar zuwa ne takanas domin ya ga babban birnin ƙasar, shi kaɗai ko da iyali, ko kuma malamin da zai kai ɗalibai yawon buɗe ido. Shawarata ta farko, wadda sauran duk suka rataya a kanta, ita ce a zaɓi rana kafin a zaɓi wuri. An gina Abuja ne domin mulki, don haka kalandar gwamnati ce ke buɗe ta, ita ke rufe ta. Dandalin da ka ratsa fayau ranar Talata, ranar Laraba kana iya tarar da sojoji sun datse duk titin da ya nufe shi. Lambun da ka samu ba kowa sai masu shara, washegarin Sallah ko wurin shimfiɗa tabarma ba za ka samu a cikinsa ba.

Fara riƙe fasalin garin a ka, domin shi zai hana ka ɓata. A farkon Fabrairun 1976 gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta yi dokar kafa sabon babban birni, bisa shawarar kwamitin Mai Shari'a Akinola Aguda. Aka yanko ƙasa daga jihohin Neja da Filato da Kwara na wancan lokaci. Murtala bai ga ko tubali ɗaya ba, domin an kashe shi a Legas ranar 13 ga wannan watan. Sai ranar 12 ga Disamban 1991 Janar Ibrahim Babangida ya tare da gwamnati a nan. Tsakiyar birnin, wadda wani masanin zanen gini ɗan Japan mai suna Kenzo Tange ya tsara, miƙaƙƙen zango ne da ya faro daga gindin Dutsen Aso. A gindin dutsen akwai Fadar Shugaban Ƙasa da Majalisar Dokoki mai koriyar ƙubba da Kotun Ƙoli. Gabansu kaɗan Dandalin Eagle Square ne, gine-ginen Sakatariyar Tarayya sun saka shi tsakiya. In ka ƙara gaba sai Babban Masallacin Ƙasa a hannu ɗaya, Babbar Majami'ar Ƙasa a ɗaya hannun, suna kallon juna. Maitama da Wuse na gefe guda na wannan zango, Asokoro da Garki na ɗaya gefen. Kusan duk bikin gwamnati da zan ambata, a cikin wannan ɗan tsakanin ake yin sa.

Sunayen tituna ma suna taimakon baƙo. In ka ga sunayen koguna da tafkuna na duniya, irin su Nilu da Tafkin Chadi, to kana Maitama. In sunayen shugabannin Afirka ne, Nkrumah da Nyerere da Mandela, Asokoro ce. Birane irin su Akara da Kwatano da Lome, Wuse ke nan. Garki kuwa an kasa ta Area 1 zuwa Area 11, sai dai lambobin ba a jere suke a ƙasa ba. Kada ka ce tunda kana Area 3, ai Area 4 na bayan katanga. Matambayi ba ya ɓata, kuma da wuya ka yi taku ɗari a Abuja ba ka sami mai jin Hausa ba, ko mai shayi, ko mai gadi, ko mai gyaran takalmi.

Batun abin hawa yana buƙatar natsuwa. Tun 2006 aka hana acaɓa a cikin gari, a-daidaita-sahu kuma an taƙaita shi ga unguwannin gefe. Abin da ya rage shi ne tasi mai koren fenti, da motocin da ake kira ta manhajar waya, da ƙananan motocin da ke kwasar fasinja a bakin titi kowa ya biya kuɗin kujerarsa. Waɗannan na ƙarshe su ne masu araha, a cikinsu ne kuma 'yan wan-cans ke sajewa, wato ɓarayin da ke cika mota da mutanensu su ɗauki mutum ɗaya su yi masa ƙwace. Ka hau mota a inda ake lodi a sananniyar tasha. Kada ka shiga mota mai baƙin gilashi, kada ka tsayar da ta kan hanya bayan magariba, musamman in mace ce ita kaɗai. Wurin kwana kuwa, ɗaki a Kubwa ko Lugbe ko Nyanya ya fi na Wuse sauƙin kuɗi nesa ba kusa ba, amma ka san dubban ma'aikata daga can suke kwararowa da safe su koma da yamma. Wanda ya sauka a Mararaba ya ce zai shigo gari ƙarfe bakwai na safiyar Litinin, a cunkoso zai yi hantsi. Ko ka fito da asuba, ko ka bari sai goma ta gota.

Shekarar bukukuwa tana buɗewa ne da Ranar Tunawa da 'Yan Mazan Jiya, 15 ga Janairu, kuma a ganina ita ce ta fi kowace rana nauyi a birnin. Da can ranar 11 ga Nuwamba ake yin ta tare da ƙasashe renon Ingila, domin tuna waɗanda suka mutu a yaƙe-yaƙen duniya. Aka mayar da ita 15 ga Janairu saboda a ranar ce, a 1970, aka kawo ƙarshen yaƙin basasa. Mutumin Arewa ba ya jin wannan kwanan wata bai tuna da wani abu ba: a ranar 15 ga Janairun 1966 ne aka yi juyin mulkin da ya ci rayukan Sardauna Ahmadu Bello da Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa. Hidimar takan fara makonni kafin ranar, lokacin da shugaban ƙasa ke ƙaddamar da bajon da ake sayarwa a tara wa tsofaffin sojoji da matan mamata taimako. Juma'ar da ke gab da ranar a yi addu'a ta musamman a Masallacin Ƙasa, Lahadi a yi a Majami'ar Ƙasa. Ran 15 kuma a hallara a dandalin tunawa da ke fuskantar Eagle Square, inda kabarin sojan da ba a san sunansa ba yake. Shugaban ƙasa ya ajiye furanni, sai mataimakinsa, da shugabannin majalisa, da Alƙalin Alƙalai, da hafsoshin tsaro, da shugaban ƙungiyar 'yan mazan jiya, da wata mace a madadin waɗanda suka rasa mazajensu. A harba bindiga, a saki fararen tantabaru.

Sai dai wannan taro na masu katin gayyata ne. Baƙon da ya taso daga Gusau ko Azare da burin tsayawa kusa zai koma da takaici, domin tun jajibiri ake rufe titunan da ke kewaye da Sakatariya, a sallami ma'aikata da wuri. Hanyar da talaka zai shiga wannan hidima ita ce ya halarci sallar Juma'ar, ya sayi bajo ya maƙala a riga, ran bikin ya kalla a talabijin, bayan kwana ɗaya ya bi ta titin Shehu Shagari ya hango wurin. Kuma ya cancanci a yi hakan. Babu jihar da ba ta binne ɗanta soja ba a yaƙin Arewa maso Gabas da na dazuzzukan Arewa maso Yamma, kuma yaro ya kamata ya san akwai ranar da ƙasa ke tsayawa dominsu. Janairu lokacin hunturu ne, ga sanyin safiya mai daɗin yawo, illa dai hazo kan rufe duwatsu, hoto ba ya fita.

Fabrairu da Maris zafi ne zalla, ba wani babban bikin gwamnati. Wanda zai iya ɗagawa ya ɗaga.

Ranar Ma'aikata, 1 ga Mayu, ita ce bikin Eagle Square da ya fi karɓar kowa. Ƙungiyoyin ƙwadago na NLC da TUC ne masu taron. Kowace ƙungiya da ankonta: malaman makaranta, ma'aikatan jinya, direbobi, 'yan jarida, ma'aikatan lantarki, su jeru su wuce gaban rumfar manyan baƙi da kwalaye a hannu, shugabanninsu kuma su karanto wa gwamnati buƙatunsu a gaban idonta, daga mafi ƙarancin albashi zuwa kuɗin fansho. In kana son ganin cikin dandalin cike da jama'a, wannan ce ranarka. Ka zo da wuri, da hula ko lema da ruwan sha, ka bar babbar jaka a masauki saboda binciken bakin ƙofa. Ranar 27 ga Mayu ta yara ce, 'yan makaranta ke maci, wuraren wasa su cika.

Ranaku biyu ne ke rikita mutane, 29 ga Mayu da 12 ga Yuni. A ranar 29 ga Mayun 1999 Janar Abdulsalami Abubakar ya miƙa wa Olusegun Obasanjo mulki a Eagle Square, wanda a shekarar aka gina shi, daga nan ranar ta zama Ranar Dimokuraɗiyya. A 2018 Shugaba Muhammadu Buhari ya mayar da ita 12 ga Yuni, domin tunawa da zaɓen 1993 tsakanin Moshood Abiola da Bashir Tofa, wanda sojoji suka soke. A bikin 2019 ne ya sanya wa babban filin wasa na Abuja sunan Abiola. Yanzu 29 ga Mayu ta rantsar da shugaba ce kawai, bayan kowace shekara huɗu. A irin wannan mako, kamar na 2023, otal-otal kan cika maƙil, farashi ya tashi, hanyar filin jirgi ta koma ta jerin gwanon baƙi. In ba gayyatarka aka yi ba, ba makon kawo iyali ba ne.

Yanzu bari mu zo ga ranar da ba ta buƙatar kati, kuma tana zagayowa kowane mako. Baƙon da kwana ɗaya kawai gare shi, ya sa ta zama Juma'a. Masallacin Ƙasa, wanda aka gina a 1984, ana hango ƙubbarsa mai ruwan zinariya da hasumiyoyinsa huɗu daga nesa, kuma akwai ɗakin karatu da zauren taro a harabarsa. Tun kafin azahar titunan da ke kewaye ke komawa kasuwa: masu huluna zanna da kufta, masu turare da carbi da littattafai, masu dabino da zuma da kilishi, masu maganin gargajiya da lasifikarsu. A sahu za ka ga minista kafaɗa da kafaɗa da ɗan dako, ga jakadun ƙasashen Musulmi, ga Bayarabe ga Ba'ibo ga Babarbare. In kana son wuri a ciki, ka isa kafin sha biyu da rabi. Ka zo da 'yar jakar da za ka saka takalminka ka shiga da shi, ka kuma ajiye mota nesa, domin fita bayan sallama kan ɗauki lokaci. Wanda ba Musulmi ba yana iya ziyartar masallacin a lokutan da ba na salla ba, da suturar kamala, bayan ya nemi izinin masu kula da wurin. Haka shi ma Musulmi ba abin da zai rage masa in ya tsallaka ya dubi ginin majami'ar, wadda aka kammala a 2005. Da gangan aka ajiye su daura da juna, kuma ya dace a nuna wa yara dalilin.

Da azumi akwai tafsiri da tarawihi da tahajjud a Masallacin Ƙasa da sauran manyan masallatan Wuse da Maitama. Da Sallah kuwa abin mamaki ke faruwa: garin ya zama wayam. Mafi yawan mazauna Abuja suna da wani garin da suke kira gida, kuma da Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida ta sanar da hutu, sai tashoshin Jabi da Utako da Zuba su cika da masu tafiya. Ga baƙo wannan dama ce. Tituna babu cunkoso, a cikin awa guda ka zagaye abin da kan ci rabin yini. Babban filin Idi yana kan hanyar filin jirgin sama, kusa da Ƙofar Birni. Ka je da dardumarka, ka isa da sassafe, kada ka ɗauki kaya. Daga azahar zuwa kwana biyu ko uku, jama'ar da suka rage duk suna wuraren shaƙatawa. Lambun Millennium da ke Maitama, wanda Sarauniyar Ingila Elizabeth ta Biyu ta buɗe a Disamban 2003 lokacin taron ƙasashe renon Ingila, shi ne ya fi girma, ga ciyawa ga inuwa ga rafi ya ratsa shi. Tafkin Jabi akwai kwalekwale da dawakin haya. Gidan namun daji na yara yana Asokoro, a bayan Dutsen Aso, kuma daga can dutsen ya fi fitowa sosai. A duk waɗannan wurare ran Sallah, ka rubuta lambar wayarka a takarda ka saka a aljihun kowane yaro, kuma kada a hau kwalekwale sai da rigar ruwa.

Abu ɗaya kada ka sa rai da shi a tsakiyar Abuja, shi ne hawan Sallah. Ba ƙofar fadar da za a yi jafi a can. Yawancin sarakunan yankin suna ƙananan hukumomin gefe, kuma Ona na Abaji ne shugaban majalisarsu. Mai son dawaki da algaita ya nufi Suleja, ko ya haƙura ya tafi Zariya ko Kano ko Katsina.

Ranar 1 ga Oktoba ita ce wadda kowa ya sani. A Legas aka sauke tutar Ingila a 1960, lokacin nan wurin da Abuja take daji ne da ƙauyukan Gbagyi. A shekarar da aka yi cikakken biki, Eagle Square kan ga faretin sojojin ƙasa da na ruwa da na sama da 'yan sanda, jirage su yi shawagi, masu rawar gargajiya su fito, bayan shugaban ƙasa ya yi jawabi ta rediyo da talabijin da sassafe. Amma ba kowace shekara ake hakan ba. A 2010, ana tsakiyar bikin cika shekara 50, bama-bamai suka tashi a cikin motoci kusa da dandalin, aka rasa rayuka. Bayan nan an yi shekaru ana taƙaita bikin a harabar Fadar Shugaban Ƙasa, inda ba mai shiga sai wanda aka kira. Saboda haka kada ka sayi tikiti sai ka ji sanarwar ofishin Sakataren Gwamnatin Tarayya, wadda kan fito a makon ƙarshe na Satumba, ta faɗi inda za a yi da yadda za a yi. Ko ba fareti, lokacin yana da nasa amfani: damina na ƙarewa, duwatsu sun yi kore shar, tituna sun sha ado da kore da fari, kuma a daidai nan ne Cibiyar 'Yan Kasuwa ta Abuja kan buɗe baje-kolinta na shekara a kan hanyar filin jirgi. Ɗan kasuwar da ke neman injin niƙa, ko na sarrafa shinkafa, ko mai son nuna kayansa na fata da saƙa, wannan ya fi masa fareti amfani.

Ƙarshen shekara na al'adu ne, amma a nan sai an yi hattara da tsofaffin labarai. Bikin kanibal na Abuja, wanda aka fara a 2005 zamanin Obasanjo, ya taɓa zama gagarumi: jihohi na turo tawaga a watan Nuwamba, a yi hawan daba, a yi tseren kwalekwale a Jabi, dodanni da masu rawa su cika titi. Daga baya ya riƙa tsallake shekaru. Abin takaici ne, domin shi ne biki ɗaya da ya sa mahayin Katsina da masuncin Bayelsa a titi guda ba tare da katin gayyata ba. Kada ka dogara da shi sai ka ji an tsayar da rana. Wanda ya fi tsayuwa shi ne bikin fina-finai na Zuma, na Hukumar Fina-finai ta Ƙasa, da akan yi a farkon Disamba. Masu bin Kannywood za su so sanin cewa Ali Nuhu aka naɗa shugaban hukumar a 2024. Da Kirsimeti garin kan sake yin wayam kamar na Sallah, lambuna su cika.

In ka zo a ranar da ba biki, ga yadda zan tsara maka yini. Ka ɗauki shatar tasi na awa uku da safe, ku yi ciniki tun kafin ka shiga. Ku faro daga Ƙofar Birni da filin wasa na Abiola, wanda aka gina domin wasannin Afirka na 2003, yana ɗaukar mutum kimanin 60,000. Ku shigo tsakiya ku wuce hedikwatar Babban Banki, wadda hotonta ke bayan takardar naira 1000, da ginin Ma'aikatar Tsaro mai siffar jirgin ruwa, da dogayen benayen kamfanin mai na ƙasa, sai masallaci da majami'a, sai Eagle Square. Daga nan ka hango ƙubbar majalisa da Dutsen Aso a bayanta. A wannan yanki ka mayar da waya aljihu. Ɗaukar hoto kusa da fada, ko barikin soja, ko ofishin jami'an tsaro, ko ofishin jakadanci, yana iya jawo a tsare ka a yi ta tambayoyi, kuma rantsuwar cewa kai baƙo ne ba za ta gaggauta sakinka ba. In ka ga taron masu zanga-zanga a Unity Fountain, kusa da otal ɗin Transcorp Hilton, inda masu fafutukar dawo da 'yan matan Chibok suka riƙa zama tun 2014, ka wuce abinka. Da rana ka shiga kasuwar Wuse, ko rumfunan masu sana'ar hannu da ke kusa da tsohon otal ɗin Sheraton, inda ake sayar da jakunkunan fata da sassaƙa da rini. Farashin farko na Turawa ne, ka taya da Hausa. Tsarabar kilishi kuwa a Area 1 ake saye.

Kwana na biyu ka fita bayan gari, domin a can ne za ka ga mutanen da birnin ya tarar. Gbagyi, waɗanda muka fi sani da Gwari, su ne mafi yawa, tare da Koro da Gade da Gwandara da Bassa da Ganagana. Da yawansu an tashe su daga gonakin kakanninsu aka gina unguwannin da ake alfahari da su yau, kuma har yanzu maganar diyya da matsuguni ba ta mutu ba. Baƙo mai mutunci ya kamata ya san a ƙasar wa yake tafiya. A hanyar Bwari akwai Ushafa, ƙauyen masu ginin tukwane da Shugaban Amurka Bill Clinton ya ziyarta a Agustan 2000, inda za ka ga mata na ɗora tukunya da hannu, ka saya kai tsaye daga mai ita. Kusa da nan madatsar ruwa ta Usuma take, wadda birnin ke sha daga gare ta, amma shiga sai da izinin hukumar ruwa.

Ta hanyar Kaduna kuma, da ka wuce Zuba ka shiga Jihar Neja, ga Dutsen Zuma tsaye a Madalla, wanda ke bayan tsohuwar takardar naira 100, da alamar fuskar mutum a jikinsa. Wanda ya zo a mota daga Kano ko Kaduna ya riga ya gan shi. Wanda ya zo a jirgin ƙasa, wanda ya fara aiki tsakanin Rigasa da Idu a 2016, sai ya fito takanas. Gaba kaɗan sai Suleja, kuma ita ce Abuja ta asali. Lokacin jihadi, Sarkin Zazzau Muhammadu Makau ya baro Zariya ya yo kudu da jama'arsa, ƙaninsa Abu Ja ya kafa garin a 1828. Da aka ɗauki sunan aka ba sabon birni, sai tsohon ya koma Suleja, da sunan sarkin lokacin, Sulaimanu Barau. Har gobe sarautar garin Sarkin Zazzau ce. A nan ne Baturen Ingila Michael Cardew ya buɗe makarantar ginin tukwane a farkon shekarun 1950, Ladi Kwali ta shiga a 1954, mace ta farko, ta kai tukwanen Gbagyi har Turai da Amurka kafin rasuwarta a 1984. Ka ciro naira 20 ka nuna wa yaro: Murtala a gaba, Ladi a baya tana aikinta.

In da sauran rana, daga Suleja ka kama hanyar Minna zuwa magangarar ruwa ta Gurara. Daga Yuli zuwa Oktoba ruwan na cika yana ruri, kallo ne daga tudu kawai, ba a sauka ba a wanka, domin duwatsun na da santsi kuma ruwan na da ƙarfin ja. Daga Disamba zuwa Maris yakan ja baya har a zauna a gefensa a ci abinci. Kafin ka tashi, ka tambayi direbobin tashar Suleja halin da hanyar ke ciki a wannan makon, ku tafi da rakiya, kuma ku juyo da la'asar sakaliya don ku wuce Zuba da Dei-Dei ido na ganin ido.